Muryar da Aji Ya Cinye

Faɗa ne ya fara kai Auta wurin Dogo, a ranar da ta kama aikin koyarwa.

Aji aka ce an ba ta, ashe rabin ɗaki ne. Asalinsa babban ɗaki ne guda, da yara suka yi yawa sai aka tsaga shi biyu da falankin katako wanda ko rufi bai kai ba, aka ce ga azuzuwa biyu nan. Yaran ɓangarenta sun haura ɗari, masu rabo a kan benci, saura a ƙasa, wasu a kan taga. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki alli, ta yi tambayarta ta farko a matsayin malama.

“Wa zai gaya min abin da shuka take buƙata kafin ta rayu?”

“Hamsin da shida,” in ji ajin gaba ɗaya.

Ta tsaya riƙe da alli. Sai ta ji wata murya mai kauri daga bayan katakon tana cewa, “To, bakwai sau tara fa?” Yaranta suka sake amsawa cikin nishaɗi, ba wanda ya ko kalle ta.

Auta ba ta da tsawo, amma akwai zuciya. Ta fita ta zagaya, ta tsaya a ƙofar ɗaya ajin. Wani siririn saurayi ta tarar, kansa ya kusa taɓa saman allo, alli har a girarsa. Dogo kowa yake ce masa, shi ne malamin lissafi.

“Malam, don Allah ka rage murya. Ka kwashe min ɗalibai.”

“Sannu da zuwa, Malama. Ke ce sabuwar maƙwabciya?”

“Ni ce, kuma ba gaisuwa ta kawo ni ba.”

Ya yi murmushi, ya fito bakin ƙofa don kada yara su ji. “In na rage, na baya ba sa ji. In na ƙara, naki su ji. Wadda ta riga ki gasar ihu muka yi ta yi, ko zango ɗaya ba ta ƙarasa ba ta gudu. Ga shawara. Mu yi karɓa-karɓa. In kina bayani, ni sai in ba nawa rubutu. In kin gama ki ƙwanƙwasa katakon, in karɓa.”

Ta ɗan yi tunani, ta ɗaga kai ta dube shi, don dole sai an ɗaga kai ake ganin fuskarsa.

“To, kai za ka fara yin shiru.”

“Na ji, na yarda.”

Shirun da ya yi a ranar ya wuce na yarjejeniya. Ya ba yaransa aiki, ya jingina da katakon yana sauraron yadda shuka take shan ruwa ta saiwa, kamar bai taɓa ganin shuka ba.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara ɗari da guntun alli ba, ya daina cewa aikin malami hutu ne. In damina ta sauka, kwanon rufi ya yi ta yoyo, yara su takure a kusurwa ɗaya. In rana ta take, ɗakin ya yi turiri har numfashi ya yi wuya. Albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Hedimastan makarantar ya manta rabonsa da riƙe alli, aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa yana duban agogo, da kiran taron da ba ya ƙarewa. In aka ce masa alli ya ƙare, sai ya ce, “A yi amfani da hikima.” In aka ce rufi yana yoyo, ya ce, “An rubuta wa na sama.” Na saman nan ba wanda ya taɓa jin amsarsu.

A cikin wannan ƙuncin soyayyarsu ta tsiro. Ƙwanƙwasa katako ya zama gaisuwa, daga nan aka karɓi lambar waya da sunan aiki. In an tashi, saƙo ya fara shigowa tun ba ta isa gida ba.

“Maƙwabciya, yau na koyi yadda ganye yake numfashi. Yarana sun zaci aikinsu nake dubawa, ni kuwa darasinki nake sata.”

“Maƙwabci, ashe ɓarawon karatu ne kai. Gobe zan yi maka tambaya, in ka faɗi kai za ka goge min allo.”

“Na faɗi tun yanzu. Ki ajiye min tsumman.”

Wata rana ya rubuto mata abin da ya hana ta cin abinci don murna.

“Maƙwabciyata, na gaji da jin muryarki ta bayan katako. Ina so in riƙa jin ta a gidana. Ki ba ni izini in zo in gaida su Baba.”

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta amsa, “Ka zo. Amma ka sunkuya, ƙofarmu gajeriya ce.”

Ranar da ya je, Mama ta leƙa ta labule ta ƙare masa kallo: takalmin da ya sha ɗinki, babur mai tari, da farin alli a bakin hannun riga. Ba ta buƙaci a gaya mata sana'arsa ba, don da irinsa ta tsufa. Baban Auta malami ne har ya yi ritaya, kuma abin da ya fito da shi daga aikin bai wuce dusasshiyar murya ba, wadda sai mutum ya matso da kunne yake jin ta. Ya karɓi gaisuwar Dogo da fara'a, ya ɗaga masa hannu, iyakarta ke nan.

Bayan baƙo ya tafi, Mama ta zaunar da Auta a bakin gado.

“Auta, ba talauci nake guje miki ba. Talauci mun ci shi mun sha ruwa, bai kashe mu ba. Kin ga babanki? Mai hira ne lokacin da na aure shi, in ya fara ba da labari har maƙwabta leƙowa suke. Aji ne ya cinye muryar. Ya fita da safe ya rabar wa 'ya'yan mutane, ya dawo min da ‘uhm’ da ‘to’. Na haife ku na raine ku a gidan da ba a hira. Yau in ya shiga kasuwa, waɗanda ya koyar su ne masu kau da kai. Ke kin ƙi ji kin shiga aikin, na haƙura. Amma malami biyu a ɗaki ɗaya? Wa zai yi wa wani magana?”

“Mama, shi ba haka yake ba.”

“Shi ma babanki ba haka yake ba.”

Baba yana zaune a falo yana jin su. Ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

Kamar bakin Mama ya kama, kafin shekara ta zagayo muryar Auta ta fara tsagewa. Da safe ta fito garau, kafin a tashi ta koma ta tsohuwa. Karɓa-karɓar da suke yi ta rage mata wahala, amma yara ɗari yara ɗari ne. Ranar da ta buɗe baki a aji iska kawai ta fito, Dogo ya ɗauke ta a babur sai asibiti.

Likita ya leƙa maƙogwaronta da fitila, ya girgiza kai.

“Malama, kin ji wa jijiyoyin muryarki ciwo. Ihu ne da ƙurar alli. Shiru za ki yi na wasu makonni, shiru na gaske, ko raɗa ban yarda ba. In kika matsa musu za su iya fashewa, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.”

Hedimasta ya riƙe takardar likitan da yatsa biyu, ya mayar mata.

“Masu duba makarantu suna tafe, ke kuma kina neman hutu? Wa zan sa a ajin? Duk malamin da kika gani a nan maƙogwaronsa ciwo yake yi. Ni ba ni da iko, ki kai ofishin ilimi.”

A ofishin ilimi aka yi ta yi mata jeka-ka-dawo, har ta faɗa hannun jami'in da yake jagorantar duba makarantu. Malamai suna kiransa Mai Turare, don ƙamshinsa yana riga shi shiga aji. Ya karanta takardar, ya fi daɗewa yana karanta fuskarta.

“Irinki ba ta dace da ƙurar alli ba, Malama. Akwai kujera a ofishin nan, ga fanka, ga shiru. Sa hannuna kawai take jira.”

Kafin mako ya fita motarsa ta tsaya a ƙofar gidansu. Bai ɓoye ba, kujerar da aure take tafe. Mama ta yi ta shiga tana fita da fara'a. A ganinta Allah ne ya kawo wa 'yarta mafita: ga miji mai rufin asiri, ga murya ta tsira.

Hutu dai bai samu ba, sai Dogo ya ɓullo da wata dabarar. Auta ta riƙa rubuta darasinta a allo tana zane, shi kuma ya taka benci ta ɓangarensa, kansa da kafaɗunsa su bayyana a saman katakon, ya karanta abin da ta rubuta ya yi wa yaranta bayani. In ya yi kuskure ta buga allo da tsumma, yara su yi dariya, ya gyara. In ya gama ya sauka ya koma kan nasa lissafin. Aji biyu ke nan a maƙogwaro ɗaya, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ana cikin haka sakamakon jarrabawa ya fito bai yi kyau ba, aka kira taron iyaye da malamai. Wani uba ya miƙe yana kaɗa yatsa.

“Mun ji akwai malamar da ba ta magana a aji, albashi kawai take ci.”

“A zamaninmu malami ko da zazzaɓi yake koyarwa,” in ji wani. “Na yanzu sai latsa waya.”

Wata uwa ta ce ɗanta ba ya gaishe ta da safe, me malamai suke koya musu? Ba wanda ya tambayi yara nawa ne a aji, ko littafi nawa ne a makarantar. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na malami. Hedimasta ya yi ta gyaɗa kai yana cewa za a ɗauki mataki. Dogo ya miƙe zai yi magana, aka ce ya zauna, ba a zo kan malamai ba tukuna. Har aka tashi ba a zo kansu ba.

Dogo ya sami Auta a bayan aji tana kuka, kukan da ba sauti sai kafaɗa da take girgiza. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya koma gida ya rubuta mata saƙon da ya ɗauka shi ne ƙarshen ƙauna.

“Maƙwabciyata, ki karɓi kujerar nan. Ni ba ni da abin ba ki sai ƙura. Gara in san muryarki tana nan a gidan wani, da in rasa ta a gidana. Ki yafe min.”

Amsa ta dawo da zafinta.

“Ashe ni kaya ce da za ka miƙa wa wani? Ka tambaye ni abin da nake so? Hedimasta ya yanke min hukunci, Mama ta yanke, yanzu kai ma ka yanke. Don ba na iya magana, kowa ya zama bakina. Na gode, Malam.”

Wannan “Malam” ɗin ya fi mari ciwo. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya ajiye wayar, yana ganin shirunsa taimako ne. Ya ci gaba da hawa benci yana yi mata bayanin darasi, amma ba ya kallon inda take, ita ma ta daina buga allo ko ya yi kuskure.

Abin da bai sani ba shi ne, a ranar da suka yi wannan saɓanin ta tura wa Mai Turare nasa saƙon.

“Ranka ya daɗe, na gode da karamcinka. Akwai wanda nake so. Maganar hutu zan bi layi kamar kowa.”

Ya amsa a taƙaice, “To, Malama. Sai mun haɗu a aji.”

Makarantar tana da yadda take karɓar masu dubawa, kuma kowane malami ya san shi. Ana gobe za su zo a shafa wa bangon gaba fenti, a aro bencina daga makarantar da take kusa. Da safe a tace yara: masu cikakken yunifom da masu kai su zauna a aji, sauran, waɗanda sun fi rabi, a kora su filin da yake can bayan makewayi, a sa malami ɗaya ya tsare su har baƙi su tafi. Su ma baƙin sun san ana yi, don da yawansu sun yi lokacin da suke ƙasa. Kowa dai yana rufa wa kowa asiri, yara kuma su ci gaba da zama a ƙasa.

A wannan karon Dogo aka ba tsaron. Bai yi musu ba. Ya ɗauka Auta ta amince da Mai Turare, ya ce a ransa ai mutum ba zai wahalar da wadda zai aura ba. Ya kora yaransa da nata zuwa filin, ya zauna a gindin bishiya da nauyin zuciya.

Mai Turare ya iso da manya biyu daga ma'aikata. Bai tsaya ko'ina ba sai ajin Auta. Suka zauna a baya, Hedimasta yana tsaye yana murza hannu. Auta ta gaishe su da kai, ta juya ta fara zana zuciyar ɗan Adam a allo.

“Malama,” in ji Mai Turare, “allo gwamnati take biya ko malami? Ki koyar mu ji.”

Ta dubi Hedimasta. Ya matso ya yi ƙasa da murya, “Ki rufa mana asiri. In suka rubuta ba kya koyarwa, kora ce, ba ruwana.”

Ta dubi yaran, suna zaune tsaf a bencin aro suna jiran ta. Sai ta fara, a hankali.

“Ba ma ji daga baya,” in ji Mai Turare.

Ta ɗaga. Kuma gaskiyar magana, ba tsoro kaɗai ya ɗaga muryar ba. Auta tana son aikin nan, ta yi kewarsa. Da ta ga idon yara ya buɗe, hannuwa suna tashi, sai ta manta da likita, ta manta da masu zama a baya. Ta sa kowa ya dafa ƙirjinsa ya ji bugun, tana bayani tana zagayawa. Tana tsakiyar kalma ta ji wani abu ya tsinke a wuyanta, ɗanɗanon jini ya cika mata baki.

Can a filin, Dogo ya ji muryar tun da ta fara tashi. Ko a cikin kasuwa zai gane ta. Da farko bai yarda ba, ya miƙe ya kasa kunne. Da ya ji ta yanke, sai ya zura da gudu. Bai ce kowa ya biyo shi ba, amma yara ba sa zama inda malami ya tashi. Suka ɗunguma a bayansa, suka kwararo cikin ajin, kowa ya nufi mazauninsa na kullum, na ƙasa a ƙasa, na taga a taga, har manyan baƙi suka rasa inda za su sa ƙafa.

“Waɗannan kuma daga ina?” in ji ɗaya daga cikin manyan.

“Ajinsu ne, ranka ya daɗe,” in ji Dogo, bai ko juyo ba.

Auta tana jingine da allo, hannunta a wuya, bakinta yana motsi ba abin da yake fita. Ya karɓe allin daga hannunta ya ajiye, ya ce mata su tafi.

Wanda yake jiran ya ji an hukunta mai laifi, bai san aikin nan ba. Rahoto ya fito ya ce an samu rashin tsari saboda sakacin wani malami. Hedimasta yana nan a bakin ƙofarsa da agogonsa, Mai Turare yana nan da ƙamshinsa. Dogo aka ɗauke aka jefa wata makaranta can ƙarshen gari, inda mota ba ta kaiwa. Likita kuma ya gaya wa Auta gaskiya: muryar za ta dawo, amma 'yar kaɗan, ta hira a ɗaki. Aji kam ita da shi har abada. Wannan ne ya fi komai sa ta kuka, ta kwana biyu ba ta son ganin ko littafi.

A gadon asibiti ta miƙa wa Dogo wayarta, ya karanta saƙon da ta tura wa Mai Turare. Ya sunkuyar da kai.

“Na zaci kin amince masa. Da na sani, wallahi ko za a kore ni ba zan bar katakon nan ba. Ni na ja miki.”

Ta karɓi wayar ta rubuta, ta juya masa.

“Ka zaci. Da ka tambaya.”

“Ki yafe min, Maƙwabciyata.”

Ta sake rubutawa. “Na yafe. Amma yanzu ka sani, ba ni da aiki, ba ni da murya. In za ka tafi, ka tafi tun yanzu.”

“Wannan karon tambaya zan yi. Kina so in tafi?”

Ta girgiza kai, hawaye suna zuba.

Daga ranar da aka sallame ta, kullum da yamma sai an ji tarin baburinsa a ƙofar gida. Ya taso daga wancan ƙarshen gari, ƙura har gashin ido, ya zauna a benci nesa kaɗan da kujerarta, ya fara. Ya ba ta labarin yaron da ya ce rabin takwas sifili ne in aka yanka ta tsakiya, da akuyar da take halartar ajinsa fiye da wasu ɗalibai, da sabon hedimastansa mai barci a ofis. Ya kwaikwayi wannan, ya kwaikwayi wancan. Ita tana murmushi, wani lokaci ta rubuta masa tsokana a waya. Mama ba ta hana shi zuwa ba, tun da shi ya kai 'yarta asibiti, amma gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Tagar kicin dai tana kallon wurin, kuma an lura aikin Mama a kicin ya ƙara tsawo.

Wata yamma ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya a kansa.

“Kai ba ka gajiya da surutu? Ba daga aji kake ba?”

Ya sauko daga bencin ya durƙusa. “Ina gajiya, Mama. Amma na daina ihu a aji. In suka yi surutu sai in yi shiru in jira su. Hedimastan can ya ce ba ni da kuzari, har ya rubuta ni. Na ce ya rubuta. Dole in rage wani abu in kawo nan, tun da ita ba ta da shi.”

Mama ta juya ta koma ciki. Can ta aiko masa da ruwan ɗumi da zuma a kofin Baba.

Bayan ya tafi ta zauna kusa da mijinta.

“Malam, ka ji yaron nan?”

Baba ya kashe rediyo. “Na ji,” ya ce cikin dusasshiyar muryarsa. “Ya fi ni wayo. Kira min ita.”

Auta ta shigo ta zauna a gabansu. A lokacin likita ya yarda ta fara magana kaɗan-kaɗan, amma ba ta yi ba, don tana tsoron jin abin da ya rage mata.

“Auta,” in ji Baba, “kowa ya yi magana a madadinki. Ke nake so in ji. Wa kike so?”

Ta kai hannu ga wayarta, ya girgiza kai. Ya sauko daga kujera, ya matso da kunnensa kusa da bakinta, yadda mutane suke yi masa. Ta rufe ido, leɓɓanta suka motsa. Wata 'yar siririyar murya ta fito, mai kaushi, ba irin wadda ta taɓa cika aji ba.

“Me ta ce?” in ji Mama, don ba ta ji ba.

Baba ya ɗago, idonsa ya yi ja. “Ta ce shi.”

Mama ta sa gefen zane ta share fuska. “To, Allah ya sa alheri. Ni dai a gaya masa, in ya fara dawo mata da ‘uhm’ da ‘to’, da kaina zan je in ɗauko 'yata.”

An ɗaura auren a lokacin hutun makaranta, don malamai su samu zuwa. Su ne kuwa suka cika wurin, da takalmansu masu ɗinki da baburansu, suna tsokanar ango cewa ya sunkuya kada ya fasa rumfa. Hedimasta ya aiko da uzuri, ba wanda ya yi kewarsa. Ana cikin hayaniya wayar Auta ta yi ƙara.

“Amaryata, na ji an ce ɗakinmu ba katako a tsakiya. Na gode da kika zaɓe ni da bakinki.”

Ta amsa, “Angona, ka adana muryarka. Akwai hira a gida.”

Da aka zo addu'a, Baba ya ce shi zai yi. Aka yi ta cewa a yi shiru, a yi shiru, har wurin ya yi tsit, mutane suka miƙa wuya don su ji. Ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, da gidan da ake hira a cikinsa. Ya roƙa wa duk mai riƙe alli lafiya da haƙuri da sakayya. Sannan ya ɗan tsaya ya huta, ya ƙara da cewa Allah ya dubi wadda aka ba ajin Auta, don ya ji an ce yarinya ce ƙarama, mai murya.

Malaman da suke wurin suka amsa da amin, a hankali.